Masu Auna Fiffike a Samaru

Duk inda aka dasa lemo a Samaru ko Sabon Gari, da wuya damina ta wuce ba a ga wani babban malam-buɗe-littafi baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya yana kewaya bishiyar ba. Masana na kiransa Papilio demodocus, kuma idan ya shimfiɗa fukafukansa yakan kai santimita 9 ko 10 daga wannan baki zuwa wancan. Wanda ke bin tumfafiya a kangaye da gefen hanya, mai launin ruwan goro, Danaus chrysippus, bai cika wuce santimita 8 ba. Cikin ciyawa kuwa akwai 'yan mitsi-mitsi da ba su kai santimita 2 ba, sai mutum ya tsuguna yake gane cewa dangi ɗaya suke da na bishiyar lemo. Idan aka gangara kurmin kudancin Najeriya tazarar sai ta ƙara buɗewa, don can ake samun Papilio antimachus, wanda ya fi kowanne girma a Afirka, mai kaiwa santimita 23. Na Papuwa Niyu Gini da aka raɗa wa sunan Sarauniya Alexandra ya ɗara shi, domin macensa na wuce santimita 25.

Yara, da manya ma da yawa, sun ɗauka ƙananan nan 'ya'yan manyan ne, nan gaba za su girma. Ba haka abin yake ba. Malam-buɗe-littafi da 'yar'uwarsa faɗa-wuta, mai shawagi da dare, ba sa ƙara ko milimita ɗaya daga ranar da suka fito daga kwasfa. Fiffiken yana fitowa a cukurkuɗe, ruwan jiki ya tura shi ya miƙe, ya bushe cikin ɗan lokaci, shi ke nan an gama. Duk girman da za a yi an riga an yi shi lokacin da halittar take tsutsa. Shi ya sa ko a cikin jinsi ɗaya ake samun bambanci: tsutsar da ta sami ganye mai laushi ta ƙoshi takan ba da babba, wadda ta yi fama da busasshen ganye ko cunkoson 'yan'uwa takan ba da ƙarami, zafi mai yawa kan gaggauta girma a fito da ƙaramin jiki, kuma a yawancin jinsuna mace ta fi namiji girma saboda ƙwan da take ɗauke da shi. Mace mai faɗin fiffike, galibi, ta fi zuba ƙwai. Ke nan faɗin fiffike shaida ce ta abin da tsutsa ta ci, da lokacin da ta ci shi, da yawan 'ya'yan da za a sa rai su biyo baya. Ga manomi kuwa, abin da tsutsa ta ci amfanin gonarsa ne. Hujjar wannan rubutu ke nan a dunƙule: aikin kama waɗannan halittu, a soke su da allura, a auna, a rubuta rana da wuri, wanda mai wucewa zai ɗauka shiriritar Turawa ce, shi ne ginshiƙin da yaƙin tashar binciken noma ta Samaru da ƙwarin gona ya tsaya a kai tun kafuwarta, kuma har yau ba a sami abin da zai maye gurbinsa ba.

Gaskiya ne cewa sana'ar ta faro ne a hannun masu sha'awar tara abin mamaki. Dru Drury, wani maƙerin azurfa na Landan, shi ya bayyana antimachus a 1782 daga samfurin da aka kawo masa daga Saliyo. Walter Rothschild, ɗan gidan masu banki, shi ya raɗa wa na Sarauniya Alexandra suna a 1907. Wajen irin waɗannan mutane ma'auni na neman wanda ya fi girma da kyau ne. Amma sunan Rothschild ɗin nan yana manne kuma, tun 1901, a jikin wata faɗa-wuta marar ado wadda faɗinta wajen santimita 3 ne, Diparopsis watersi. Lokacin da aka ba ta suna, ɗaya ce kawai cikin dubban da ke jere a akwatuna. Bayan 'yan shekaru ta zama ɗaya daga cikin manyan abokan gabar audugar ƙasar Zazzau.

Abin da ya kawo wannan sauyi shi ne jirgin ƙasa. Masaƙun Lankasha a Ingila na neman audugar da ba ta Amurka ba, don haka aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga, BCGA, a Manchesta a 1902, ta sa ido a kan Arewa. Layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma a gefen tashar ne, nesa da ganuwar birni, Sabon Gari ya tsiro da ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da kantunan Turawa, waɗanda sunan ɗayansu, Paterson Zochonis, ya bar wa unguwar PZ suna. BCGA ta kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka shigo da irin Amurka mai suna Allen a 1912. Manoman Kano sun watsa wa Turawa ƙasa a ido, suka rungumi gyaɗa, amma Zazzau da kudancin Katsina suka zama cibiyar audugar fitarwa, musamman bayan da layin Gusau da Ƙaura Namoda ya kammala a 1929. A 1922 aka kafa tashar binciken noma ta Lardunan Arewa a Samaru, kan hanyar Funtuwa, wadda a 1962 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona. Garuruwan biyu, waɗanda yau suke ƙaramar hukuma ɗaya, sun raba aiki tun farko: a Sabon Gari ake gurza da ɗaure da lodi, a Samaru ake tambayar dalilin da ya sa abin da ake kawowa fuloti bai kai yadda aka yi tsammani ba.

Babban ɓangare na amsar yana cikin ƙwallon audugar kansa. Idan aka fasa wanda ya lalace sai a tarar da tsutsa, amma ba iri ɗaya ba ce. Akwai ja, ta Diparopsis ɗin nan. Akwai mai ƙayoyi, ta Earias, wadda uwarta ke da faɗin wajen santimita 2. Akwai Helicoverpa armigera, wadda ba ta zaɓen abinci, daga auduga ta koma masara ko tumatir, faɗinta ya doshi santimita 4. Sai mai launin hoda, Pectinophora gossypiella, wadda ba ta cika kaiwa santimita 2 ba. Babu ɗayansu da ta kai rabin na bishiyar lemo, kuma mai kallo daga nesa zai haɗa su duka ya ce tsutsar auduga. Sai dai kowacce da inda take kwana da rani. Ja tana shiga ƙasa ta rufe kanta a gidan laka har ruwa ya dawo, wata ma ta zarce shekara. Mai launin hoda cikin angurya take laɓewa, don haka buhun iri da taragon jirgi su ne ƙafafunta, kuma ta haka ta bazu a duniya. Helicoverpa kuwa amfanin maƙwabta take bi. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Wanda bai raini tsutsa a kwalba ya ga abin da ta zama ba, ya auna, ya kwatanta da wanda aka riga aka tantance, ba zai san da wa yake faɗa ba. Abin da ya gagari ma'aikatan ƙasashen mulkin mallaka sukan aika Landan, inda aka buɗe ofishin nazarin ƙwari na daular Ingila a 1913. A mujallar wannan ofishi ne Geering da Baillie suka buga bincikensu kan rayuwar jar tsutsa a Arewacin Najeriya a 1954, kuma littafin E. O. Pearson kan ƙwarin auduga a Afirka ya biyo baya a 1958. Dokar da tsofaffin manoma ke tunawa, ta tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka, a bar watanni babu auduga a tsaye, daga irin wannan sani aka samo ta: a yanke wa tsutsa abinci a lokacin da ta fi rauni.

Misalin da ya fi nuna ƙimar aikin bai ma shafi auduga ba. Tsutsar da ke huda karan dawa da masara, Busseola fusca, uwarta faɗa-wuta ce ruwan ƙasa mai faɗin wajen santimita 3. K. M. Harris ya buga cikakken nazari kan masu huda karan hatsi a Najeriya a 1962, kuma abin da ya fito fili shi ne tsutsar tana cinye rani ne a cikin busasshen kara, ba ci ba sha, tana ramewa, sai ruwan farko ya sauka ta rikiɗa ta fito. To ina karan yake da rani? Yana tsakar gida. Shi ne danga, shi ne jinka, shi ne makamashi, shi aka tara a bayan ɗaki. Shawarar da za a fara kawowa ita ce a ƙone karan duka, kuma babu magidancin da zai yarda, domin ba a ce wa mutum ya ƙone katangarsa. A 1980 Adesiyun da Ajayi, masu bincike a Samaru, suka nuna cewa idan aka babbake karan sama-sama da zarar an girbe, ganyen ya ci wuta amma sandar ta tsira, yawancin tsutsotsin na mutuwa, karan kuma ya ci gaba da amfani. Ba a sayi ko kwalbar magani ɗaya ba. Abin da aka kashe shi ne shekarun tsaga kara, da ƙirga tsutsa, da kunna tarkon fitila da dare don a ga yaushe uwayen ke tashi.

Mai suka zai ce duk wannan hidimar Lankasha aka yi wa, ba talakan Zazzau ba. A kan mafarin abin, yana da gaskiya, kuma bai kamata a shafa wa tarihin mai ba. An kafa Samaru ne a zamanin da ake matsa wa manomi ya shuka abin da jirgi zai ɗauka don ya biya haraji, kuma an daɗe kuɗin bincike na bin auduga da gyaɗa fiye da gero da wake. Amma niyyar wanda ya soke ƙwaro da allura ba ta canza abin da ke rubuce a takardar da ke ƙarƙashinsa. Helicoverpa da aka kama don auduga ita ce dai ke cin tumatirin fadama. Hukumar sayen auduga ta rushe a 1986, manyan masaƙun Kaduna sun rufe ɗaya bayan ɗaya, amma ɗakin ajiyar ƙwari na Sashen Kare Amfanin Gona a Samaru ya ci gaba da karɓar samfura daga ɗalibai da masu bincike na jami'o'in Arewa, waɗanda ke kawo abin da suka kama a gonar wake ko rumbun hatsi don a faɗa musu sunansa. Gadon ya fi wanda ya bar shi tsawon rai, kuma ya sauya ubangida.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma manomin Zazzau bai jira 1922 kafin ya san tsutsa ba. Tun kafin jirgi, mutanen ƙasar nan sun san wata faɗa-wuta ta dangin Anaphe wadda tsutsotsinta ke taruwa su saƙa gida ɗaya a jikin itatuwa irin su tsamiya da doka. Ana tattaro gidajen, a dafa da ruwan toka, mata su kaɗa, a sami zaren tsamiya da maɗinka ke yi wa manyan riguna aiki da shi, sana'ar da birnin Zariya ya yi suna a kanta. Wannan ilimin ƙwari ne cikakke, da kasuwarsa. Har ila yau, Samaru da kanta ta sha koyon darasi daga manoma. Shekara da shekaru tana cewa a shuka auduga a tsakiyar Yuni a yi feshi, manoma na shukawa a Yuli ko bayan haka, ana ɗora laifin a kan taurin kai. Sai da David Norman da abokan aikinsa suka zauna da ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, daga tsakiyar shekarun 1960, aka fahimci cewa a watan Yuni hannun kowa na kan noman abinci, kuma jigilar ruwan feshi zuwa gona mai nisa aiki ne da ba a lissafa ba. Duk wannan na amince da shi. Inda na tsaya shi ne, idon manomi yana da ƙarfi a kan abin da kakanninsa suka sani, yana da rauni a kan baƙo, kuma ba ya ajiye shaidar da wani zai duba bayan shekara 50. Baƙi kuwa ba su daina zuwa ba.

A 2016 biyu suka yi ɓarna kusan a tare. Tuta absoluta, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta ratso Arewacin Afirka, ta faɗa wa tumatirin Kano da Kaduna. Faɗin fukafukanta wajen santimita 1 ne. A watan Mayu na 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar tumatir ta Dangote a Kadawa ta tsaya, kwando ya yi tsadar da ya gagari masu cefane a kasuwar Sabon Gari da sauran kasuwannin ƙasar. A farkon shekarar kuma aka ga wata tsutsa na cinye zuciyar masara a kudu maso yammacin Najeriya. Nan ne mai suka na uku zai miƙe, ya ce to ga shi, awon fiffike bai tsinana komai ba, domin baƙuwar, Spodoptera frugiperda, faɗinta tsakanin santimita 3 da 4 ne, kusan daidai da 'yar'uwarta ta gida, Spodoptera exempta. Haka ne. Faɗin fiffike shi kaɗai bai taɓa isa ya raba jinsi da jinsi ba, kuma ma'aikatan ɗakin ajiya sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa ma suka fi son auna tsawon fiffiken gaba daga gindi zuwa tsini, tunda faɗin duka ya danganta da yadda mai shanyawa ya buɗe shi. Ko launi yana yaudara: Precis octavia ja ne da damina, shuɗi mai duhu da rani, har aka daɗe ana ɗaukar sa jinsi biyu, sai da Guy Marshall ya raini irinsa na kudancin Afirka a 1898 ya ga ɗaya ya haifi ɗaya. Marshall ɗin nan shi ya zama shugaban ofishin Landan da aka ambata. Amma darasin da ke cikin wannan shi ne a tara samfura da yawa, na damina da na rani, maza da mata, manya da ƙanana, don a san iyakar bambancin da ke cikin gida kafin a ce wani baƙo ne. Kuma wanda ya jagoranci tabbatar da baƙuwar masara, Georg Goergen, a lokacin mai kula da ɗakin ajiyar ƙwari ne na cibiyar binciken noma ta IITA a Jamhuriyar Benin. Ya haɗa duban sassan jiki da gwajin ƙwayoyin halitta. Gwajin ma da sunan da wani ya riga ya tantance daga samfurin akwati yake kwatantawa.

Saura masu cewa zamani ya wuce wannan, tunda yanzu a cikin irin ake saka maganin. Samaru na kan gaba a wannan hanya. Maruca vitrata, faɗa-wuta mai faɗin santimita 2 da ɗoriya, tsutsarta na shiga furen wake da kwasfarsa inda feshi ba ya kai mata da sauƙi. A watan Disamba na 2019 aka saki SAMPEA 20-T, waken da ayarin Farfesa Mohammad Ishiyaku ya samar, mai ɗauke da ƙwayar halitta daga wata bakteriyar ƙasa da ke kashe tsutsar, kuma masu shi sun ce yana rage feshi daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2. An saki auduga mai irin wannan kariya a 2018, masarar TELA kuma a Janairun 2024. Akwai ƙungiyoyin da ke adawa da waɗannan iri, kuma muhawarar tasu ta cancanci nata filin. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ko mutum na goyon baya ko yana adawa, buƙatar mai auna ƙwari ƙaruwa ta yi. A Indiya tsutsar auduga mai launin hoda ta saba da audugar da aka yi don kashe ta, har zuwa tsakiyar shekarun 2010 ta koma cin ta hankali kwance a Gujarat. Irin wannan juriya ba ta zuwa da shela. Ana fara ganin ta ne a 'yan tsutsotsin da suka rayu a kan shukar da ya kamata ta kashe su. Da farko sukan fito a tsumbure, sannan a hankali nauyinsu da girman uwayen da suke zama su koma daidai. Wanda ba shi da awon bara da na shekara 10 da suka wuce ba zai lura ba sai gona ta faɗa masa, kuma a lokacin an makara.

Akwai wani gefe da wannan tarihi ya yi wa rowa, kuma ya kamata a faɗa. Da yake kuɗin bincike ɓarna yake bi, ƙananan masu cin amfani sun sami kulawar da manyan masu ado ba su samu ba. Najeriya na da jinsunan malam-buɗe-littafi sama da 1,000, kuma babban littafin da ya tattara na Afirka ta Yamma, na Torben Larsen, sai a 2005 ya fito. A tsakanin zuwan jirgi da yau, dajin doka da ke kewaye da Zariya ya koma gonaki da unguwanni, Samaru da Sabon Gari sun kusa haɗewa ta Kwangila da Palladan, shagunan maganin feshi sun yawaita, ana kuma fesa fadamun Kubanni da Galma rani da damina. Maganin da ke kashe tsutsar tumatir bai san ta tumfafiya ba. Hanyar da za a iya gane abin da wannan sauyi ya yi wa jinsunan da ba su ci wa kowa komai ba, ko sun ragu, ko sun ƙanƙance, ita ce a jera na yau kusa da na da. Gidajen ajiya a Turai da Amurka sun yi irin wannan da samfuran da suka haura shekara 100, suna bin yadda girman jiki da lokacin fitowa ke sauyawa da ɗumamar yanayi, kuma waɗanda suka tara samfuran ba su taɓa tunanin wannan tambaya ba.

Abin da irin wannan ɗaki ke buƙata ba shi da yawa, amma ba ya jure yankewa. Busasshen ƙwaro abinci ne ga wasu ƙwarin, kuma laimar watan Agusta na kawo fumfuna, don haka sai akwati mai rufuwa ruf, da maganin da ake sabuntawa a kai a kai, da ma'aikacin da ya san hannunsa. Horar da wanda zai dubi faɗa-wuta ruwan ƙasa guda 20 ya raba su gida biyar yana cin shekaru, kuma yawanci a gefen wani tsoho ake koyonsa, ba a aji ba. Idan aka bar tazara tsakanin ritayar wannan da ɗaukar wancan, akwatunan za su kasance a wurinsu, amma ɗalibin da ya taso daga Gusau ko Bauci da kwalbarsa zai koma ba tare da suna ba.